Kaza mai kwanci ko injin ƙyanƙyasa: wanne ya dace da kiwon cikin gida a Kano?

Wata 'yar'uwa a wannan zaure ta ce tana da kajin Hausa 8 da zakara ɗaya a gidanta a Kurna, tana tambaya ko ta sayi ƙaramin inji ko ta ci gaba da barin kaji su yi kwanci. Hajiya, ko a ƙarƙashin kaza ko a inji, kwanakin ƙyanƙyasa duk ɗaya ne: ƙwan kaza 21, na zabo 26 zuwa 28, na talotalo 28. Bambancin yana wajen wanda zai ɗauki wahalar.

Kaza tana rufe ƙwai 10 zuwa 12. Ita ke ba da zafi, ita ke juya su, ba ruwanta da ɗauke wuta. Naki shi ne wuri mai inuwa wanda sauran kaji ba za su shiga su ƙara mata sabon ƙwai ba, da ruwa da tsaba a kusa, da toka ko yashi na birgima, domin ƙuma da ƙwarƙwata ne kan tayar da kaza daga kan ƙwai. Ki yi wa kowane ƙwai alama da fensir don ki gane in an ƙara sabo. Aibin kaza shi ne sai ta ga dama take kwanci, kuma tsakanin kwanci da reno takan yi wata biyu zuwa uku ba ta saka ƙwai. Kajin gidan gona irin su Shika Brown kuwa da wuya su yi kwanci sam.

Inji yana ɗaukar ƙwai da yawa a duk lokacin da kika so, amma duk abin da kaza ke yi da kanta sai ya dawo kanki. Zafi ya tsaya a digiri 37.5, laima, wato danshin iskar cikin injin, kashi 50 zuwa 55 har kwana 18, sannan a ɗaga ta zuwa 65 ko 70. Idan ba mai juyawa da kansa ba ne, ki juya ƙwan aƙalla sau uku a rana, ki daina a kwana na 18, kada kuma a riƙa buɗe murfi ana leƙe.

A Kano abu biyu ke kashe ƙwai a inji. Na farko wuta. Ɗaukewar awa ɗaya ko biyu ba ta cika yin ɓarna ba, amma idan inji ya kwana a kashe, balle da sanyi, an yi asara. Wanda ba shi da sola da batir, gaskiya kada ya saya. Na biyu yanayi. Da hunturu iska ta bushe ƙarau, fatar cikin ƙwai ta manne wa ɗan tsako, ya fasa ɓawo amma ya kasa fita. Sai an faɗaɗa farantin ruwan da ke cikin injin ko an ƙara soso mai jiƙe. Daga Maris zuwa Mayu kuma ɗaki mai rufin kwano yakan wuce zafin da ƙwan ke buƙata, ga shi ƙananan injina dumamawa kawai suka iya, ba sa sanyayawa. A ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga.

Ko wanne kika zaɓa, ƙwai shi ne tushe. Na kiret da ake saya don ci ba ya ƙyanƙyasuwa, domin babu zakara a cikin kajin da suka saka shi. Naki ma kada ya wuce kwana 7 a ajiye, tsinin yana ƙasa, a gindin randa inda ke da sanyi, kuma kada a wanke shi. A kwana na 7 ki haska da tocila cikin duhu: mai rai za ki ga jijiyoyi ja sun bazu, wanda ya fito fes a cire shi kafin ya zama baragurbi ya fashe ya ɓata sauran.

Inda mutane suka fi tafka asara shi ne bayan ƙyanƙyasa. 'Yan tsakin inji ba su da uwa. Suna buƙatar zafi digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana ragewa kusan digiri 3 kowane mako. In sun cunkushe jikin fitila sanyi suke ji, in sun watse gefe suna haki zafi ya yi yawa. Mai amfani da kaskon gawayi ya bar kafar iska, hayaƙinsa na kashe su. Masu uwa kuma shirwa da mage da ɓera ne abokan gabarsu, don haka a tsare su da uwar a akurki mako huɗu na farko. Rigakafin cututtukan Newcastle da Gumboro ya hau kan duka biyun, ki nemi jadawalinsa wajen likitan dabbobi.

Da kaji 8, shawararmu ki tsaya kan kwanci. Ki ware biyu ko uku da suka fi zama, ki sa musu ƙwan sauran, da damina ma ki sa musu na zabi. Idan kin kai ga tara ƙwai 30 masu kyau cikin mako ɗaya, kina da sola, kin kuma tanadi wurin reno, to lokacin sayen inji ya yi.