RAL 7011 ko auna tsohon fanel: wanne ya fi ga ɗakin matuƙin 737?

Ɗan'uwa, ka ce kana harhaɗa ɗakin matuƙin Boeing 737-800 a gida don kwaikwayon tuƙi a kwamfuta, ka rasa na zaɓa: ka sayi fenti da lambar RAL 7011, ko ka kai tsohon fanel na ainihin jirgi, wato farantin da maɓallai da agogon tuƙi suke a kai, wurin masu haɗa fenti su auna shi da na'ura.

RAL tsarin lambobin launi ne na Jamus, ya fara a 1927 da launuka 40, kuma duk lambarsa mai farawa da 7 launin toka ce. Boeing ba da shi yake aiki ba, yana da nasa lambobin masu farawa da BAC. Masu wannan gini a gida ne suka ga 7011 ya yi kusa da tokar 737, suka tsaya a kansa, masu ƙera fanel na kwaikwayo da yawa suka bi sahu. Amfaninsa ke nan. In fenti ya ƙare maka baɗi, lambar tana nan, kuma abin da ka yi odarsa daga waje ba zai yi faɗa da naka ba.

Na'ura kuwa abin da aka ɗora mata take karantawa. Fanel ɗin da ya yi shekaru yana shan rana ta taga, yana shan gumin hannu, ya riga ya koɗe. Ko daga jirgi ɗaya aka ciro biyu, da wuya su zo daidai. To wanne za ka auna? Ga kuma wata matsala: haɗin zai iya dacewa ƙarƙashin fitilar shago, ka kawo gida ka kunna fitilar LED ka ga ya karkata zuwa shuɗi, domin sinadaran da aka haɗa ba irin na asali ba ne.

A ganina, in duk kayanka na kwaikwayo ne, bi lamba, ka sayi abin da zai ishe ka a haɗi ɗaya. Aunawa sai ga wanda zai jera kayan jirgi na gaske kusa da katakonsa, shi ma ya auna gefen fanel da rana ba ta taɓa ba. Hoton waya kam kada ma ka gwada, kowace fuskar waya da nata launin.

Ƙyalli ya fi ɓata aiki fiye da ɗan bambancin launi. Nemi mara ƙyalli, in ba haka ba hasken allunan kwamfuta zai riƙa dawo maka a ido. In ka ci karo da lambar Amurka irin FS 36118, 3 ɗin farko mara ƙyalli yake nufi, 6 kuma toka.

Katakon MDF, wanda ake matsawa daga garin katako, shan fenti gare shi, musamman bakin da aka yanka, don haka a fara yi masa shafin ƙasa. Fesa wani guntu, ya kwana ya bushe, ka duba shi cikin ɗakin da dare da fitilun da za ka riƙa tuƙi da su, sannan ka taɓa babban allon.