Wane siminti za ka saya don sokawe, majema ko ƙasa mai gishiri?

Lambar 32.5 ko 42.5 da ke jikin buhu ƙarfin ɗaukar nauyi take nunawa, ba juriya ga ruwan da ke cin gini ba. Don haka kafin ka biya kuɗi, fara sanin abin da ginin zai riƙa sha.

Yawancin simintin da ke kasuwanninmu Portland ne da aka haɗa da garin farar ƙasa. Ya wadatar wajen ɗora bulo da filastar ɗaki, amma asid na narkar da shi. A sokawe, ƙwayoyin cuta suna mayar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta zama asid, shi ya sa murfi da saman bango suke fara zubewa tun kafin inda ruwa ya rufe.

Idan matsalar gishirin salfet ce a ƙasa ko ruwan ƙasa, nemi siminti mai jure salfet. An rage masa sinadarin da salfet ke kamawa ya kumbura kwaɓi har ya tsage. Sai dai ba ya maganin asid, kuma ba shi ne gwani wajen kare rodi daga tsatsar ruwan gishiri ba. A nan wanda aka haɗa da dattin narka ƙarfe ko tokar kwal ya fi, domin yana toshe ƙofofin da ruwa ke bi. Ni shi nake fifitawa ga harsashi a ƙasa mai gishiri, in an samu. Aibinsa jinkirin yin ƙarfi.

Wurare irin majemun Challawa da Sharada a Kano kuwa sha'aninsu daban ne, domin a can ma sai an yi maganin asid. Simintin alumina, wato na musamman mai yawan sinadarin alminiyam, na jure asid mai sauƙi, amma ga mai ƙarfi sai kwaɓin epoxy, wani irin danƙo mai daskarewa ya yi tauri, a kan kankare. Epoxy ɗin yana da tsada ƙwarai, kuma sai a hannun wanda ya iya.

Ko wanne ka zaɓa, sa ido a kan birkila. Ƙara ruwa don kwaɓi ya yi laushi yana lalata siminti mai tsada, yana barin ƙofofin da guba za ta shiga. Ruwa kada ya kai rabin nauyin siminti, yashi ya zama mai tsabta, a kuma yi ban ruwa na aƙalla kwana 7. In ginin babba ne, a kai ƙasar da ruwan wurin gwaji tukuna.