Na'urar auna ruwan duro ta nuna mini ya cika alhali ya ƙare

Na sayi wannan na'ura a farkon daminar bana domin duron roba mai cin lita 200 da nake tara ruwan indararo a ciki, wanda da shi nake ban ruwan ɗan lambun da ke bayan gidana a Zariya. Duk mai leƙa shagunan intanet ya san irinta da kuɗinta. Ƙaramin akwati ne da ake huda murfin duro a ɗaura shi, yana tura sauti zuwa saman ruwa, ya lissafa lokacin da sautin ya ɗauka kafin ya dawo, sannan ya sanar da manhajar waya cewa ruwa ya kai kashi kaza cikin ɗari. Ɗaura ta bai ba ni wahala ba, kuma a makonnin farko na ji daɗinta ƙwarai, domin ko ina wurin aiki aka yi ruwa, nakan ga lissafin yana hawa a wayata.

Abin da ya ɓata mini rai ya faru ne a watan Yuni, lokacin da ruwa ya ɗauke bayan an fara shuka, kamar yadda yakan yi a wannan yanki namu. Tafiya ta kama ni zuwa Abuja, na bar wa ƙanena amanar lambun, a daidai lokacin da irin tumatir da attaruhun da na yafa suka fitar da ganye huɗu-huɗu, ga kuma alayyahu ya fara tashi. Na gaya masa cewa ni zan riƙa duba ruwan daga waya, in na ga ya yi ƙasa zan turo kuɗi a kira mai garuwa. Kullum da safe manhajar tana nuna mini duro cike yake, har na ɗauka ana samun yayyafi da dare. Sai wata ranar da yamma ya kira ni ya ce, "Yaya, tun shekaranjiya famfon duron nan ba ya kawo komai, na zaci ka gani a wayarka, shi ya sa nake jiran kuɗin." Kafin mai garuwa ya iso da jarkoki, rabin irin tumatir ɗin ya kwanta, ƙasar kwamin ta tsattsage, kuma wanda ya kwanta bai sake tashi ba.

Da na dawo na ɗaga murfin da sassafe, sai na tarar da cikinsa ya yi gumi, ga ɗigon ruwa manne a fuskar na'urar, daidai inda sautin yake fita. Rana takan gasa duron, ɗan ragowar ruwan da ke ƙasan famfo ya yi tururi, sanyin dare ya mayar da shi ɗigo a jikin murfi. Wannan ɗigon ne yake mayar da sautin nan take, ita kuwa na'urar ta ɗauka ruwa ne ya kawo wuya. Ina goge wurin da tsumma lissafin ya faɗo ƙasa warwas. Na rubuta wa mai sayarwar na yi masa bayani dalla-dalla har da hotuna, amsar da ya ba ni ita ce in riƙa gogewa kowace safiya. Wanda zai ɗaga murfi kowace safiya ai idonsa ya ishe shi ganin ruwa, kuma yawan buɗe murfin shi ne yake ba sauro hanyar shiga ya yi ƙwai, abin da nake gudu ke nan tun farko.

Gaskiya ne da damina ta kankama, duron ya riƙa cika yana raguwa a kai a kai, lissafinta na tsakar rana da na yamma yana zuwa daidai da abin da na auna da sanda, batirinta ma bai ba ni matsala ba. Har na fara tunanin a yi mata uzuri. Amma da marka ta sauka a watan Agusta sai wani aibin ya fito. Irin waɗannan na'urori ba sa iya auna abin da ya kusance su da kamar santimita 20, ga shi tsawon duron duka bai kai mita ɗaya ba, kuma kowane santimita ɗaya a cikinsa ya ɗara lita biyu da rabi. Ke nan kusan lita 50 na saman duron, wato rubu'insa, ba ta san da su ba. Wannan kuwa shi ne wurin da na fi bukatar sani, domin milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na kwano lita ɗaya yake bayarwa, don haka ɓangaren rufi mai murabba'in mita 20 yana cika duron da ruwan milimita 10 kacal. Sau da yawa ruwa ya tumbatsa ya kwanta a gindin katanga, manhajar kuwa tana ta tsalle tsakanin lambobi marasa kan gado. Babu inda aka ambaci wannan a tallar, kuma a hoton da aka sa, a kan duro irin nawa aka ɗaura ta.

Daga baya na kira mai gyaran famfo ya haɗa mini siririn tiyo mai garai-garai daga gindin duron ya miƙe a gefensa har sama, na toshe bakinsa da ƙyallen gidan sauro, na zana layi da fenti a kowace lita 25. Gansakuka takan fito a ciki saboda hasken rana, sai an wanke lokaci-lokaci, kuma ba ya aika saƙo zuwa waya, amma inda ruwa ya tsaya a tiyon nan ya tsaya a duro. Mai babban tanki mai tsawo, wanda yake da ƙofar shan iska a murfi, wataƙila ya mori na'urar. Mai duro irin nawa ban ba shi shawarar ya sa kuɗinsa ba, kuma tauraro biyu na ba ta cikin biyar.