Fim ɗin da aka tura mini a bakin kasuwa

Akwai wani ɗan shagon tura finafinai kusa da babbar kasuwar Maraɗi, nan nake kai wayata. Ranar Juma'a na ce ma yaron shagon ya zaɓo mini na dariya. "Yaya, wannan zai yi maka," in ji shi. Dala ashirin, minti biyu ya gama.

Ashe tsohon wasan barkwanci ne na Shakespeare, marubucin nan na Ingila, na masoya huɗu da suka ɓace cikin dajin Atina ta ƙasar Girka, aljani ya ɗiga ma samarin ruwan fure a ido, so ya rikice. Ƴan Amurka suka maida shi casun matasa na kwana, fitilu na walƙiya, kiɗa kamar injin niƙa. Ruwan furen ya koma abin maye, aljanin kuma dillalinsa.

Ruɗanin soyayyar ya ba ni dariya sosai, sai ka ce rigimar ƴan mata a gidan biki. Amma rawar ta yi yawa, labari ya nutse cikinta.

Hoton tsaf, sauti ras. Laifin shagon ɗaya: bai gaya mini ba cewa fim ɗin ba na kallo da ƙanne ba ne. Da sauri na kife wayar a kan tabarma.