Monako ko Monza, wacce ta fi ba direba wuya?

Ɗan uwa ka tambaya wai tsakanin Monako da Monza wacce hanya ce ta fi gasa wa direban gasar tseren motoci ta Formula 1 aya a hannu, tunda ka ji a Monza aka fi sharara gudu amma kullum Monako ake zuzutawa. To ni dai a wajena Monako ce, kuma ba maganar gudu ba ce sam.

Ita Monako ai ba filin tsere ba ce, titunan cikin gari ne da mutane ke bi kullum, in lokaci ya yi a rufe su a jera katangar ƙarfe hagu da dama, tun 1929 ake tsere a wurin. Zagaye ɗaya kilomita 3.3 ne kacal amma wuraren shan kwana 19 ne a ciki, kuma sau 78 za ka zagaya, kaga hannu ba ya hutawa kenan. Daga kwanar farko ta Sainte Dévote mota za ta haura tudu har wajen gidan caca, ta gangaro zuwa kwanar nan ta gaban otal wadda duk gasar babu inda ake rage gudu kamarta, wajen kilomita 50 a awa fa, har sitiyarin ma sai makanikai sun gyara shi musamman don ya juyu sosai in ba haka ba motar ba za ta sha kwanar ba. Ka ɗan ƙara gaba sai ka shige rami, ka fito cikin hasken rana ido bai gama washewa ba ga birki ya zo, a kan gangara kuma. In ban da 'yan wurare ƙalilan babu inda za ka kauce, taya ta ɗan zame sai ƙarfe. Ayrton Senna da ya ci Monako sau 6, wanda har yau ba a kamo shi ba, a 1988 yana gaba da tazarar wajen daƙiƙa 50 babu mai matsa masa, hankalinsa ya ɗan gushe ya daki katanga a kwanar Portier, shikenan.

Monza kuwa tun asali don tsere aka gina ta a 1922, cikin wani gandun itatuwa arewa da Milan a Italiya. Kilomita 5.8, wuraren shan kwana 11, zagaye 53, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na zagayen totur a ƙasa yake. A 2025 Verstappen ya yi zagayen gwaji, wato na neman layin da za a tashi a tsere, da in ka raba gudunsa ya haura kilomita 264 a awa. Sai mutum ya ce ai wannan taka totur ne kawai ko? A'a. Don mota ta samu wannan gudun sai an rage mata fiffike, shi kuwa fiffiken nan shi ke danne ta a kan kwalta, to da an rage shi sai ta yi sakwal, bayanta ya riƙa rawa in an taka birki. Ka zo kwanar farko da gudun sama da 330 dole ka sauko ƙasa da 100, ka makara kaɗan taya ta cije ta yi hayaƙi, gefe ɗaya ya cinye, motar ta yi ta karkarwa har sai an canja. Nan ne a 2021 motar Verstappen ta hau kan ta Hamilton. Sannan kwanar ƙarshe, Parabolica, in ka fito da rauni duk tsawon miƙaƙƙen titin na bayanka zai lafe a bayanka, kai kana yanka masa iska shi yana hutawa, ya zo ya wuce ka kana kallo. Saboda wannan lafewar ne a gwajin 2019 kowa ya ƙi shiga gaba, suka yi ta jan ƙafa har lokaci ya ƙare wa yawancinsu, abin dariya wallahi.

Amma ka lura da wani abu, a Monza in ka yi kuskure sau tari lokaci za ka rasa, ka dawo ka ci gaba da fafatawa. A Monako motar za ka rasa.

Inda Monako ke ba ni haushi shi ne ranar Lahadi, titin ya yi wa motocin yanzu kaɗan, babu wurin wucewa. A 2018 injin Ricciardo ya samu matsala ƙarfinsa ya ragu sosai amma Vettel ya kasa wuce shi har aka tashi. A 2024 kuwa goman farko yadda suka tashi haka suka gama. Don haka in Monako za ka kalla kada gwajin Asabar ya wuce ka, nan ne suke goga taya da ƙarfe don neman layin gaba. Monza kuma ka jira Lahadi. Leclerc ya ci su duka biyu a 2024, a Monako daga gaba ya tashi ya riƙe wurinsa, a Monza daga na huɗu ya tashi, ya tsaya canjin taya sau ɗaya tak yayin da direbobin ƙungiyar McLaren suka tsaya sau biyu, ya lallaɓa tsofaffin tayoyin har ƙarshe Piastri na McLaren na biye da shi.