Ayabar ƙwallo da ayabar toho: amsa ga Hajiya ta Rijiyar Zaki

Hajiya, barka da ƙoƙari. Na ga tambayarki tun jiya da daddare: ɗanki da ke karatu a Ingila ya aiko miki da ƙwallayen ayaba a 'yar takarda, an rubuta cewa iri ne mai jure sanyi, ga kuma ayabar da ke tsakar gidanki ta sha wuya a hunturun bara, ganyenta ya yayyage ya koma ruwan ɗorawa. Kina tambaya ko ki tumɓuke ta ki shuka waɗannan a gurbinta. Don Allah kada ki taɓa ta tukuna. Bari in ajiye miki su biyun kusa da kusa, ki duba da kanki.

Mu fara da abin da za a kai baki, tunda don shi kika dasa. Ayabar da ake saukewa a kasuwar 'Yan Lemo, da agade da ake soyawa, duk ba su da ƙwallo mai tsira. In kin ɓare za ki ga ɗigo-ɗigo baƙi a tsakiya, wannan alamar ƙwallo ce da bai taɓa ƙosawa ba. Shi ya sa tun kaka da kakanni da toho ake yaɗa ta, wato ɗan da ke fitowa a gindin uwa. To duk ayabar da aka ba ki ƙwallonta aka ce zai tsira, ayabar daji ce, kuma abin da za ta haifa miki shi ma cike zai zo da ƙwallaye baƙaƙe masu taurin tsakuwa. Toho kuwa uwarsa sak yake ɗaukowa: zaƙinta, girmanta, har tsawonta.

Ki duba sunan da ke jikin takardar, zai yi wuya ya wuce ɗaya daga cikin waɗannan ukun. Akwai Musa basjoo, wadda asalinta ƙasar Sin ce amma a Japan ta yi suna. Ita ce gwanar jure sanyi, sai dai 'ya'yanta ƙanana ne, ba a ci, don ado kawai Turawa ke dasa ta. Akwai Musa sikkimensis, daga duwatsun arewa maso gabashin Indiya, gindin Himalaya. Sai Musa velutina daga wajen Assam, wadda ni ita ta fi ba ni sha'awa: gajeriya ce, tsawonta bai cika wuce mita 2 ba, 'ya'yanta ruwan hoda ne masu laushin gashi a ɓawo, kuma in sun nuna da kansu suke ɓarewa a kan uwa. Ɗan naman da ke ciki yana da zaƙi, amma tsotsa ake yi a tofar, wanda ya tauna da ƙarfi yana iya rasa haƙori.

Yanzu maganar sanyin, nan ne mai sayarwa da mai saye ba sa fahimtar juna. In Bature ya ce ayaba tana jure sanyi, yana nufin sanyin da ruwa ke daskarewa. Ko a can ɗin ba ganyen ne ke jurewa ba. Ƙanƙara na sauka ganye ya yi baƙi ya mutu, wani lokaci har da jikin, abin da ke rayuwa shi ne dunƙulen da ke ƙarƙashin ƙasa, mai kama da gwaza, in an lulluɓe shi da ciyawa mai kauri. Sanyi na wucewa ya sake tohowa daga farko. Saboda haka ne ma ba kasafai take kai wa ga haihuwa a can ba, sai in an naɗe jikin da tattaka duk shekara don kada ya mutu.

Mu kuwa a Kano yaushe ruwa ya taɓa daskarewa a randa? Daren Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka wajen digiri 13 na Celsius, in jaura ta yi tsanani ya ƙara yin ƙasa kaɗan. Ayabar ci takan dakatar da girma in an sauka ƙasa da wajen 14, amma dakatawa ce, ba mutuwa ba. Abin da ya wahalar da taki, a ganina, iska ce busasshiya da ƙishirwa. Ganyen ayaba faffaɗa ne, iskar hunturu tana tsage shi tana zuƙe ruwan jikinsa, mu kuma lokacin ne muke rage ban ruwa don muna jin sanyi a jikinmu, muna zaton ita ma ba ta buƙata. Kuma ki tuna abin da ke biye da hunturu: Afirilu da Mayu, zafi ya kai 40 ko ya wuce. Tsiron da ya saba da raɓa da inuwar dutse, a nan ne zai gane ya baƙunci Kano. Taki ta riga ta ga bazara ta wuce lafiya.

Wajen wahalar shuka ma ba a haɗa su. Ɓawon ƙwallon yana da tauri ƙwarai. Sai an jiƙa shi a ruwa mai ɗumi kwana 1 zuwa 2, wasu har sukan ɗan goga shi a kan dutse, sannan a binne shi kamar zurfin gaɓar yatsa a ƙasa mai laima wadda ba ta riƙe ruwa. Yana son ɗumi da rana, sanyi-sanyi da dare, wanda wannan kam yanayinmu na ƙarshen hunturu ya ba shi kyauta. Daga nan sai haƙuri: wani ya fito a mako 3, wani sai wata 6, wani ba zai fito ba har abada, musamman in ƙwallon ya daɗe a ajiye. Ni na taɓa zubar da tukunya bayan wata biyu na fid da rai, daga baya na ga tsiro a inda na juye ƙasar, abin ya daɗe yana damuna. Toho kuwa ranar da kika dasa shi kin riga kin sami shuka, kuma in ruwa da taki sun wadata, cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi za ki sare nono.

Wuri ɗaya ƙwallo ya fi toho, kuma gaskiya ce sai an faɗa: ba ya zuwa da ƙwarin ƙasar wani. Toho yakan ɗauko ƙwaron da ke huda gindi da tsutsar saiwa daga lambun da aka ciro shi. Maganin wannan bai da wuya. Ki zaɓi toho mai siririn ganye kamar takobi da gindi mai kauri, ki bar mai faffaɗan ganye tun yana ƙarami, wannan rago ne. A fere saiwoyin da wuƙa har farin ya fito, a tsoma gindin a tafasasshen ruwa daƙiƙa 30, kada a wuce haka, sannan a dasa.

Ga abin da zan yi da ni ne a gidanki. Ayabar nan ta zauna inda take. A zagaye gindinta da takin shanu ko na tumaki wanda ya ruɓe sosai, a lulluɓe da busasshen ganyenta da karan dawa don laima ta daɗe. A kafa mata zana ta ɓangaren arewa maso gabas, inda iskar ke shigowa. A ba ta ruwa ya ratsa ƙasa sau biyu ko uku a mako duk rani, kuma in da hali a karkato mata da ruwan alwala, ayaba tana son wannan. Ganyen da ya yage amma yana kore kada a yanke, yana nan yana aiki. A gindi ɗaya a bar uku kawai, uwa da 'ya da jika, sauran a cire a ba maƙwabta, farkon damina wajen Yuni ya fi dacewa da dashensu.

Ƙwallayen kuma kada ki yar, kyautar ɗa ce. Ki shuka su a tukwane a inuwar katanga inda ranar yamma ba ta dukansu, a matsayin fure. In velutina ce ta fito ta yi miki jajayen 'ya'yan nan, jikoki za su sha kallo. Ki ɗauko min hoton takardar inda sunan yake, ranki ya daɗe, in gaya miki wacce ce a cikin ukun da irin girman tukunyar da za ta ishe ta.