Hulɗar Ƙasa da Ƙasa ko Nazarin Yanki: Amsa ga Mai Shirin Digiri na Biyu a Zariya

Ƙanena, ka ce ka gama bautar ƙasa, kana shirin cike fom ɗin digiri na biyu, ka rasa inda za ka sa gaba: nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa, ko nazarin yanki irin na Afirka ko na Sahel. Ka ce wasu sun gaya maka duk tafiyar ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce, tun daga tushe suka raba hanya.

Nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa yaƙi ne ya haife shi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci miliyoyin rayuka, a 1919 aka kafa kujerar farfesa ta farko a wannan fanni a Aberystwyth da ke Wales, don a gano abin da ke kai ƙasashe ga faɗa da yadda za a hana. Har gobe tambayarsa ke nan: wa ke da ƙarfi, me yake so, wace yarjejeniya ce ta ɗaure shi? Za ka karanta kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945, da yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan jakadanci, da dokokin ciniki, da ra'o'in masana. A nan Samaru fannin yana da tarihi mai kyau. Farfesa Ibrahim Gambari, lokacin da yake shugabantar sashen kimiyyar siyasa na Jami'ar Ahmadu Bello a farkon shekarun 1980, shi ya assasa karatun a matakin digiri na farko, kafin ya zama ministan harkokin waje a 1984, daga baya wakilin Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1990 zuwa 1999.

Shi kuwa nazarin yanki wuri ɗaya yake kamawa ya ƙi saki: harshensa, tarihinsa, addininsa, kasuwancinsa, yadda ake naɗa sarki da yadda ake raba gado. Asalinsa ba mai daɗin ji ba ne, gara ka sani. Makarantar SOAS ta Landan, wadda aka kafa a 1916, ta horar da jami'an mulkin mallaka don su iya harsunan waɗanda za su mulka. Amurka kuma ta zuba kuɗi a fannin ta dokar 1958, shekara ɗaya bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik, saboda tana son sanin mutanen da take zawarci a yaƙin cacar baka. Amma da 'yanci ya zo, 'yan Afirka sun karɓe abin sun juya shi. Jami'ar Gana da ke Legon ta buɗe cibiyar nazarin Afirka a 1961, ta Ibadan a 1962. A wajenmu wannan aiki ya fi zama a sashen tarihi, da sashen harsuna da al'adun Afirka, da Gidan Arewa na Kaduna wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a gidan Sardauna. Saboda haka in nazarin yanki kake so a Zariya, kada ka tsaya neman sunansa a allon sashe, malamin da ke yin aikin za ka nema.

Na farko kamar dillali ne a kara, ya san ƙa'idar ciniki a kowace kasuwa ya shiga. Na biyu makiyayi ne, garke ɗaya ya sani, amma ya san halin kowace saniya.

In kana son ganin bambancin da idonka, dubi abin da ya faru bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023. Ɗalibin hulɗar ƙasashe zai ɗauko yarjejeniyar ECOWAS ta 2001 kan dimokuraɗiyya, wadda ta haramta karɓar mulki ba ta hanyar tsarin mulki ba. Zai bayyana maka hujjar takunkumi, da rufe iyaka, da yanke wutar lantarki, da wa'adin kwana 7 da aka ba sojoji su mayar da mulki ko a yi amfani da ƙarfi. Zai kawo lissafin Faransa da Amurka da Rasha, da yuraniyom ɗin Arlit. Duk wannan ilimi ne na gaske, kuma wanda bai da shi surutu kawai zai yi.

Sai dai wannan lissafin bai isa ya gaya maka dalilin da ya sa Arewa ta tashi tsaye ta ce ba a yi ba. Ɗalibin yanki ne zai tuna maka cewa iyakar nan mai tsawon kusan kilomita 1,500 Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyi tsakanin 1898 da 1906, ta ratsa tsakiyar Gobir da Katsina da Daura da Borno. Zai ce maka har yau Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar Maraɗi, domin zuriyar sarakunan Katsina ne suka kafa masarautar bayan jihadi. Zai ce jihohi 7 ne suka jingina da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma ɗan Jibiya da ɗan Illela da ɗan Maigatari suna da kawu ko suruki a tsallake. Wanda ya san wannan bai yi mamaki ba da majalisar dattawa ta ƙi goyon bayan tura sojoji. Bai kuma yi mamaki ba da tawagar farko ta ECOWAS ta dawo ba ta ga jagoran juyin mulkin, Janar Tchiani, ba, amma ya karɓi Sarki Sanusi, ya karɓi tawagar malaman addini. An janye takunkumin a Fabrairun 2024, duk da haka Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Abin yana ci mini rai ƙwarai, domin 'yan'uwanmu ne suka sha wuyar tsadar abinci da magani a ɓangarorin biyu.

Akwai wani abu da ke damuna game da yadda ake koyar da hulɗar ƙasashe. Kusan duk misalan daga Turai suke, ana farawa da sulhun Westphalia na 1648 tsakanin ƙasashen Turai kamar kafin nan ba wanda ya taɓa aika manzo. Alhali Mai Idris Alooma na Borno ya yi hulɗa da Daular Usmaniyya tun ƙarni na 16. Wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi suka yi ta musaya kan halaccin yaƙi muhawara ce ta doka da siyasa wadda ta isa a karantar a kowane aji. A 1824 Bello ya karɓi Bature matafiyi Clapperton a Sakkwato suka tattauna batun ciniki da Ingila. Rubuce-rubucen Larabci da ajami masu ɗauke da irin wannan tarihi suna nan a tarin da sashen tarihi ya gada daga shirin binciken tarihin Arewa, da Gidan Arewa, da gidan adana takardun gwamnati na Kaduna. Kai da ka tashi da allo, kana jin Hausa kamar ruwa, kana da makamin da ɗalibin Landan zai kashe shekaru da kuɗi kafin ya samu rabinsa.

Nazarin yanki ma yana da nasa ciwon. Yana cin lokaci: tafiya gari-gari, zama gaban dattawa, kwafar takardun da asu ya fara ci. Yana kuma iya kulle mutum a lungu ɗaya, ya san komai game da masarauta guda amma ya kasa haɗa shi da farashin man fetur ko bashin Bankin Duniya. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya tsallake wannan rami: a kan Katsina ya yi bincikensa, amma daga nan ya yi magana kan Nijeriya da Afirka duka, aka kuma saurare shi.

Batun aiki, wanda na san shi ne a ranka. Takardar hulɗar ƙasa da ƙasa ta fi saurin ganewa a idon mai ɗaukar ma'aikata, wannan gaskiya ce. Amma ba ita ke mai da mutum jakada ba. Ma'aikatar harkokin waje tana ɗaukar masu digiri daga fannoni daban-daban, guraben kuma kaɗan ne. Abin da ke raba masu nema a ECOWAS da ke Abuja, ko hukumar Tafkin Chadi da ke Njamena, ko ƙungiyoyin agaji, ko kafafen labarai, shi ne harshe da iya rubutu. Benin da Nijar da Chadi da Kamaru duk da Faransanci ake aikin ofis, ECOWAS kuma da Ingilishi da Faransanci da harshen Fotugal take aiki.

Da ni ne kai, in zuciyata na kan aikin ofis da jakadanci, zan cike hulɗar ƙasa da ƙasa, amma in kafa kundina a kan wuri ɗaya da ƙafata za ta iya takawa, misali cinikin hatsi da dabbobi tsakanin Kano da Katsina da Maraɗi bayan rufe iyaka. In kuwa koyarwa da bincike nake so har zuwa digiri na uku, sashen tarihi zan nufa ba tare da waiwaye ba, in riƙa shiga darasin dokar ƙasa da ƙasa a gefe. Na fi karkata ga na biyun, domin masu iya maimaita ra'o'in Turawa sun yi yawa, masu iya karanta wasiƙar ajami su fassara ta ga mai tsara manufa kuwa ana nemansu.

Kafin ka biya kuɗin fom, shiga Samaru ka leƙa sassan biyu. Je ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ka duba kundayen da aka kammala a 'yan shekarun nan, ka ga wane malami ne ya duba aiki kan Nijar ko Chadi ko Kamaru, sannan ka je ka gaishe shi ka faɗa masa abin da kake son bincikawa. Faransanci kuma kada ka jira sai an ba ka gurbi. Akwai Alliance Française a Kaduna da Kano, akwai ƙauyen koyon Faransanci na gwamnatin tarayya a Badagry, ka fara tun wannan watan. Allah Ya yi maka zaɓi mafi alheri.